Hoton Wutar Dutse: Wa Ya Biya, Wa Ya Amfana?

Jama'a masu sauraronmu a Ƙala'at an-Nahal da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Hawata, da Mafaza, da birnin Gadarif, da duk inda muryarmu ta kai, barkanmu da wannan lokaci, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na sharhi.

A 'yan shekarun nan akwai wani irin hoto da ke yawo a wayoyin jama'a. Za ka ga dutse ya narke ya zama ruwa, ja wur, yana gangarowa daga kan tsauni cikin dare, ga wani mutum tsaye a gefe da kyamara a hannu, ka ce miƙa hannu zai yi ya taɓa wutar. Matasa su tura wa juna, dattawa su kalla su yi tasbihi. Duk wanda ya gani ya san ya ga ikon Allah. Amma akwai tambayoyi biyu da ba kasafai ake yi ba. Me aka biya kafin a samo wannan hoto? Wa kuma ya amfana da shi? A kan waɗannan tambayoyi sharhinmu na yau zai tsaya.

Wani zai ce, ina ruwan manomin riɗi da dawa da dutse mai aman wuta? Da ruwansa ƙwarai. Ɗan'uwa, in ka fita gona da rani, ka dubi baƙar ƙasar nan tamu da ke darewa har hannu ya shige cikin tsagarta, wadda da damina take yin danƙo ta liƙe wa takalmi, ta riƙe tayar tarakta. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa kaso mai yawa na wannan laka daga baƙin dutse ya samo asali, dutsen da a wani zamani narkakke ne yana malala. A ƙiyasinsu, kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ƙasa ta tsattsage a inda yau ake kira Habasha, narkakken dutse ya yi ta kwarara, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har kaurinsa ya kai kilomita biyu a wasu wurare. Shi ne ya zama tsaunukan Habasha, gefensa kuma ya iso har tudun da ya miƙe daga Gallabat zuwa Gadarif. Ruwan sama da rana suka yi ta cin dutsen yana marmashewa, koguna irin su Rahad da Dindir da Atbara suna kwaso shi suna saukewa a filayenmu. Albarkar da ta sa aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, ta kuma sa riɗin Gadarif ya yi suna a kasuwannin duniya, a nan tushenta yake.

Duwatsun Ƙala'at an-Nahal kuwa sun girmi wancan nesa ba kusa ba. Ka ɗauki ɗan dutsen nan mai duhun kore, mai santsi a tafin hannu, da ake tsinta a gindin tsaunukanmu. Masana sun ce guntu ne na ƙasan wani tsohon teku da abin da ke ƙarƙashinsa, wanda motsin ƙasa ya tunkuɗo sama fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Shi ya sa aka samu ma'adinai irin su kuromayit da asbesto a cikinsu. Kakanninmu ma da suka taso daga ƙasar Hausa da Borno, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, suka nufo gabas a ƙafa da niyyar aikin hajji, da yawansu sun ratsa Darfur ta gefen Jabal Marra. Wannan tsauni mai tsayin mita 3,042 dutse ne mai aman wuta da ya yi shiru. Bakinsa ne ramin Dariba mai tafkuna biyu, kuma babban amansa na ƙarshe ya yi shi ne kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Tafkin Tila da ke kusa da Biu a jihar Borno, shi ma bakin tsohon dutse ne da ruwa ya cika. Ke nan wutar cikin ƙasa ba baƙuwarmu ba ce.

Mai rai kuwa, mai wuta a bakinsa a wannan zamani, yana gabas da mu. In ka ja layi a miƙe daga nan ka nufi gabas, bayan kimanin kilomita 600 za ka faɗa kwarin Danakil, ƙasar mutanen Afar, inda zafi yake daga cikin mafi tsanani a doron ƙasa. A nan dutsen Erta Ale yake. Ba shi da wani tsayi, mita 613 ne kacal, amma a bakinsa akwai abin da duwatsu ƙalilan ne a duniya suke da shi: tafki na narkakken dutse yana tafasa. Tun shekarun 1960 masana ke zuwa suna nazarinsa. Wani lokaci ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a Janairun 2017, wani lokaci ya janye ya ɓuya. Da yawa daga hotunan wutar dutse da ake ɗauka a wannan sashe namu na Afirka, daga can suke fitowa.

To yaya ake ɗauko su? Shekara da shekaru, al'adar masu zuwa ita ce a jira rana ta faɗi, domin zafin rana a Danakil yakan haura digiri 45. A ɗora ruwa da kaya a kan raƙuma, mutanen Afar su shige gaba, a yi tafiyar awa uku ko fiye a kan baƙin dutse mai kaifi, kowa da tocila. Tun daga nesa za a hango sararin sama ya yi ja. In an iso baki, hayaƙin farar wuta ne ke fara tarbar mutum, ya shaƙe maƙogwaro, ya sa ido hawaye. A ƙasa kuma za a ga wasu siraran zaruruwa masu ƙyalli, launin zinariya, iska ta tara su a lungunan dutse. Gilashi ne tsantsa. Ɗigon narkakken dutse ne ya fantsama sama, iska ta ja shi ya zama zare. Yana huda fata, in ya shiga ido kuwa sai asibiti, asibiti kuma yana da nisa daga wurin.

Zafin narkakken dutse irin wannan yakan kai digiri 1,100 zuwa 1,200, wato ya zarce zafin da ke narkar da zinariya. Saboda haka mai ɗaukar hoton da ya san aikinsa, tun daga gida yake shiri. Yakan sa kayan auduga ko na ulu masu kauri, ya guji na roba, domin narkewa suke yi su manne wa fata. Yakan sa takalmi mai kaurin tafi, da safar hannu ta fata, da hular kwano, da takunkumi na musamman mai tace iska mai guba, domin na ƙyalle ba ya maganin wannan hayaƙi. Kafin ya kafa ƙafafun kyamararsa sai ya duba ta ina iska ke tasowa, ya tsaya ta can. Kafin ya sa ido a kyamara sai ya tabbatar da hanyar gudu, ya kuma sa wani ya tsaya yana dubar masa abin da ke faruwa a bayansa. Lokacin da ya fi so shi ne gab da fitowar rana ko bayan faɗuwarta kaɗan. Da tsakar rana narkakken dutse yakan fito a hoto toka-toka, cikin dare kuma hasken wutar ya danne komai, sai ja a cikin baƙi. A ɗan tsakanin nan ne ake samun wuta da dutse da sararin sama a hoto guda. Yana aiki da dogon gilashi mai jawo nesa kusa. In kuma dole ta sa ya matsa, daƙiƙoƙi ne, ya ɗauka ya ja da baya, domin zafin yana lanƙwasa robar kyamara, hayaƙin kuma yana cin ƙarfenta.

Matasa, ku riƙe wannan da kyau. Hoton da kuke gani kamar an ɗauka a taku biyar, sau da yawa daga mita ɗari ko fiye aka ɗauko shi. Gwanin yana nesa, gilashinsa ne yake kusa. Wanda bai san haka ba, shi ne zai ɗauka cewa ƙwarewa ita ce matsawa.

Haɗarin da ke wurin kala-kala ne, kuma mafi muninsa ba ya nuna kansa. Duk wanda ya taɓa shan kunu da zafinsa ya san yadda samansa ke yin fata ya huce, alhali ƙasansa yana nan yana ƙona baki. Haka narkakken dutse yake. Cikin mintoci samansa kan yi baƙi ya daskare, mutum ya ga kamar ƙasar takawa ce, a ƙarƙashi kuwa wuta tana gudu a cikin rami. Ga kuma iskar da ido ba ya gani. A ranar 22 ga Mayun 2021 dutsen Nyiragongo da ke saman birnin Goma a gabashin Kwango ya yi aman wuta, mutum fiye da 30 suka rasu. Wasu daga cikinsu bayan wutar ta tsaya suka rasu, sun zo tsallaka narkakken dutsen da ya fara sanyi, iskar da ke fita daga cikinsa ta shaƙe su. Mutanen Kamaru sun san wannan masifa. A daren 21 ga Agustan 1986, tafkin Nyos, wanda bakin tsohon dutse ne, ya saki iskar da ta taru a ƙasansa. Ta gangara kwari, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawa suna cikin barci, cikinsu har da Fulani makiyaya. Babu harshen wuta ko ɗaya a wannan dare.

Sai kuma fashewa ba sallama. A watan Yulin 2018, a tsibirin Hawayi na Amurka, wani kwalekwalen 'yan kallo ya matsa inda narkakken dutse ke zuba cikin teku. Wurin ya fashe, wani curin dutse mai zafi ya huda rufin jirgin, mutum 23 suka ji rauni. A ranar 9 ga Disamban 2019, a tsibirin Whakaari na Niyu Zilan, mutum 47 suna kan tsibirin, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido da kyamarorinsu, dutsen ya tashi. Mutum 22 ba su rayu ba.

Jama'a, bari mu tsaya a kan labarin da ya fi kowanne darasi. Maurice Krafft da matarsa Katia, Faransawa ne, masana duwatsu masu aman wuta. Sun shafe fiye da shekara ashirin suna bin su ƙasa-ƙasa, shi da kyamarar fim, ita da ta hoto. A zamaninsu da wuya a sami wanda ya fi su sanin wannan aiki. A 1991 suka je Japan, dutsen Unzen, kusa da garin Shimabara. Shi wannan dutse ba irin Erta Ale ba ne. Narkakken dutsensa mai kauri ne, ba ya gudu, taruwa yake a baki ya yi tsiri, in ya rufta sai ya zama guguwar toka da duwatsu da iska mai zafin ɗaruruwan digiri, mai gudun fiye da kilomita 100 a awa. Ba a tsere mata da ƙafa, ba a tsere mata da mota. Hukuma ta shawarci mutane su fice daga yankin, amma 'yan jarida suka ci gaba da taruwa a wani tudu da ke cikinsa, kimanin kilomita huɗu daga bakin dutsen, saboda a nan hoto ya fi fita. Da yammacin 3 ga Yuni guguwar ta zo, ta fi duk waɗanda suka gabace ta girma. Mutum 43 suka rasu, har da Maurice da Katia da abokin aikinsu Ba'amurke, Harry Glicken.

Ku saurari wasu daga cikin sauran. 'Yan jarida da ma'aikatansu 16. Direbobin tasi huɗu da 'yan jaridar suka ɗauka haya. 'Yan sa-kai na kashe gobara 12, 'yan garin ne, suna gadin yankin. 'Yan sanda biyu da suka je kiran mutane su fito. Direban tasin nan ba hoto ya je ɗauka ba, abincin iyalinsa ya je nema. Ɗan sandan nan ba suna ya je yi ba, aiki ne ya kai shi. Duk wanda ya kutsa wurin haɗari, ba ransa kaɗai ya ɗauka ya tafi da shi ba. Ya ja direba, ya ja ɗan rakiya, ya ja wanda zai zo ceto. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta farko, wannan ne farashin.

Amma zalunci ne mu tsaya a nan, domin labarin Krafft yana da wata fuska. A daren 13 ga Nuwamban 1985, dutsen Ruiz na ƙasar Kolambiya ya yi aman da bai kai ya kawo ba, sai dai ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa. Ruwa da laka da duwatsu suka gangaro, bayan fiye da awa biyu suka binne garin Armero. Mutum kimanin 23,000 suka halaka. Abin baƙin ciki, masana sun zana taswirar haɗarin tun kafin lokacin. An yi gargaɗi, amma shugabanni da talakawa ba su taɓa ganin irin wannan abu da idonsu ba, saboda haka maganar ba ta shiga ba. Wannan ya tayar wa Maurice Krafft hankali. Ya tattara hotunan da ya ɗauka a bakin mutuwa, ya haɗa fim mai sauƙin fahimta, mai nuna wa mutum ƙarara yadda guguwar toka take, yadda malalar laka take, da abin da suke yi wa gida da gona da jiki.

A farkon 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fara motsi bayan shiru na kusan shekara 500. Masanan ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Raymundo Punongbayan, tare da takwarorinsu na Amurka, suka ga alamu, amma jama'a suna shakka. Sai suka riƙa nuna wannan fim ga gwamnoni da sojoji da shugabannin al'umma. Gani ya kori ji. Dubun-dubatar mutane suka yarda suka tashi. A ranar 15 ga Yuni, kwana goma sha biyu bayan rasuwar Maurice da Katia, Pinatubo ya yi ɗaya daga cikin aman wuta mafiya girma a ƙarni na ashirin. An yi asarar ɗaruruwan rayuka, amma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kwashe mutanen da aka yi ya ceci rai aƙalla 5,000.

Ga ma'aunin da nake kira gare mu mu riƙe. Akwai hoton da ilimi ya kai mai shi wurin, amfaninsa kuma ya koma kan mutanen da ke kwana a gindin dutsen. Wannan aiki ne mai daraja, kuma wanda ya yi shi ya cancanci a yaba masa. Akwai kuma hoton da son a sani ya kai mai shi wurin, amfaninsa bai wuce tafi da yabo a Facebook da TikTok ba. Wannan bai kai darajar tafin takalmin da ya narke ba, balle ran ɗan Adam. A ido, hotunan biyu suna iya yin kama. Niyya da amfani su suka raba su.

Zamani ma ya rage wa mai kutsawa hujja. A daren 12 ga Yunin 2011 wani dutse ya yi aman wuta a kudancin Eritiriya. Tokarsa ta yo yamma, ta ratsa Habasha ta shigo sararin Sudan, aka soke tashin jirage a yankin. Da farko an zaci dutsen Dubbi ne. Hotunan tauraron ɗan'adam ne suka tabbatar cewa Nabro ne, dutsen da tarihi bai taɓa rubuta amansa ba. Dubban mutanen Afar suka rasa matsuguni. A ranar 23 ga Nuwamban 2025 kuma, Hayli Gubbi, maƙwabcin Erta Ale, ya tashi bayan shiru na dubban shekaru, tokarsa ta tsallaka Bahar Maliya ta bi ta Yaman da Oman har Indiya. A nan ma daga sama aka bi sawun tokar. Yau ƙaramin jirgi mara matuƙi yana iya shawagi a kan bakin dutse ya kawo hoton da a da sai an sayar da rai. In zafi ya narkar da shi, an yi asarar kuɗi, ba a yi zaman makoki ba.

Sai dai akwai abin da ke damuna a yadda duniya ke kallon waɗannan hotuna. Ana nuna wutar, ba a nuna mutanen. Makiyayin Afar da toka ta rufe wa ciyawa ta gurɓata masa rijiya, da wuya ya fito a shafin farko. Ɗan rakiyar da ya san kowace tsaga a Erta Ale, wanda ba don shi ba baƙo ba zai kai ba kuma ba zai dawo ba, ba a rubuta sunansa a ƙarƙashin hoto. A Goma, inda a Janairun 2002 narkakken dutse ya ratsa tsakiyar gari ya raba fiye da mutum 100,000 da gidajensu, baƙi sun yi ta biyan kuɗi suna hawa Nyiragongo su kwana a bakinsa don hoto. Amma kafin aman 2021, cibiyar da ke sa ido kan dutsen ta shafe watanni cikin ƙarancin kuɗi, har biyan kuɗin intanet ya gagare ta. Adalci shi ne wani kaso na abin da hoton dutse ke kawowa ya koma ga na'urorin auna motsin ƙasa, da horar da 'ya'yan yankin, da hanyar da jama'a za su bi su tsira.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu da dutse mai aman wuta a Ƙala'at an-Nahal, amma muna da waya a kowane aljihu, kuma halin ɗaya ne. Da damina, in ƙorama ta kawo, za ka ga yara da samari sun jeru a bakin gaɓa suna ɗaukar bidiyo, alhali ruwa yana cin ƙasar da suke tsaye a kai ta ƙarƙashi. In motar mai ta faɗi, maimakon a watse sai a taru. In gobara ta tashi a kasuwa ko a rumbun riɗi, hannun da ya kamata ya ɗauki bokiti sai ya ɗaga waya, masu kallo su toshe wa masu ceto hanya. Ga kuma abin da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya bar mana. A garuruwa da gonakin da faɗa ya ratsa akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. 'Yan'uwanmu da suka yi gudun hijira suna komawa gidajensu, yara suna tsintar ƙarafa. Ina roƙonku da girman Allah, duk wanda ya ga baƙon ƙarfe kada ya taɓa, kada ya matsa don ɗaukar hoto, kada ya kira abokai su zo gani. Ya ja da baya ta inda ya fito, ya hana yara zuwa, ya sanar da hukuma.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, rai da ajali a hannun Allah suke. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma rai amana ce da ba a yarda mutum ya jefa ta cikin halaka da hannunsa ba. Iyaye mata, ku faɗa wa 'ya'yanku. Malaman makarantun allo da na boko, ku sa wannan a cikin nasiharku. Limamai, ku taɓo shi a huɗuba. Rigakafi ya fi magani.

Ba ina cewa matasa su ajiye kyamara ba. Ina cewa su ba ta aikin da ya dace da ita. Wanda Allah ya ba shi ido da sha'awar hoto, ga fage a buɗe. Ka ɗauki hoton zaizayar da ke cin gonarku, kowace shekara daga wuri guda, bayan wani lokaci kana da hujjar da za a kai gaban hukumar noma. Ka ɗauki hoton iyakar inda ambaliya ta kai a jikin bango bayan ruwa ya janye, domin mai son yin gini gobe ya san inda zai kauce. Ka ɗauki duwatsun tsaunukanmu ka kai wa malamin kimiyya ya yi wa ɗalibai bayani. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙwallafa kan duwatsu masu aman wuta, ƙofarsa ita ce karatun ilimin ƙasa a jami'a. Gabashin Afirka cike yake da waɗannan duwatsu, kuma yana buƙatar masana 'yan ƙasa da za su auna, su ɗauki hoto, su kuma yi wa jama'a bayani da Hausa da Larabci da Afaranci, harshen da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta tashi da jikokinta tun lokaci bai ƙure ba.

Saboda haka, kafin ka ɗaga waya a gaban wuta ko ruwa ko ƙarfen yaƙi, ka tambayi kanka abu uku. Na san haɗarin da ke gabana? Wa zan ja cikinsa tare da ni? Wa wannan hoto zai amfana? In ba ka da amsa mai gamsarwa, ja da baya shi ne hankali, kuma ka ja na kusa da kai.

Allah ya tsare mu da tsarewarsa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a gonakinmu. Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu.